Harin da Aka Yi wa Ritaya

Aikina gadi ne, sai dai a zaune nake yinsa, da kofin shayi a gefe. Kamfaninmu yana da na'urori a bakin hanyar sadarwarsa, duk abin da zai shigo daga intanet sai ya bi ta cikinsu. Cikin na'urorin akwai dubban matakan kariya, kowanne ya san kamannin hari guda, kamar maigadin da aka nuna wa hoton ɓarawo ɗaya tak. Ni ke yanke wa kowanne hukunci: wannan ya tare, wancan ya zuba ido ya kawo rahoto kawai. In na tsananta, ma'aikata su kira ni su ce na toshe musu aiki. In na sassauta, shugaba ya kira. Tsakanin waɗannan kiraye-kiraye shekaruna suka tafi, gashin kaina ya raka su.

A gida ma ina da ƙaramar irin na'urar, tana kan wata 'yar kanta ta katako a lungun falo, kusa da inda muke ajiye takalma. Matata ta sha tambayata abin da take gadi.

"Sirrin gidan nan," nakan ce.

"Wane sirri? Hotunanka na lokacin da kake da gashi?"

Gaskiyar magana, saboda 'yata tilo nake barinta a kunne. Tun tana sakandare na nuna mata wani tsohon hari, wata ƙwayar cutar kwamfuta da ta hana duniya sakat kafin a haifi yarinyar, wadda yanzu ko haƙori ɗaya ba ta da shi. Yarinyar ta koyi yadda ake turo kamanninta. Daga ɗakinta sai ta harbo, na'ura ta kawo rahoto, ni kuma in ɗaga murya daga falo: "An kama ɓarauniya." Wannan matakin kariyar na bar shi a kan zuba ido kawai. Ban taɓa yarda ya tare ta ba.

Ta girma, ta ɗauki sana'ata, ta fi ni, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Ni kuwa ba mutumin waya ba ne. In ta kira, hirarmu ba ta wuce tsawon atishawa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"To, ga mamanki."

Su kuma su ɗauki awa suna magana a kan labule. Amma duk ƙarshen mako, rahoto yakan fito a allona: tsohon harin nan, daga can nesa. In tura mata saƙo: "An kama ɓarauniya." Ta amsa: "Maigadi ya tsufa amma idonsa biyu." Iyakar zancen ke nan, kuma ni yana isata har mako ya zagayo.

Sai wani ƙarshen mako allo ya wuni fes. Na ce aiki ne ya yi mata yawa. Na gaba ma haka, na ce ƙila ta canja gida. Daga nan uzurin da nake ƙirƙira mata ya fara ƙarewa. Na goge wa na'urar ƙura, na canja mata wayar sadarwa, na kashe na kunna, irin abin da nake yi wa ma'aikata dariya in sun yi. Komai yana aiki. Ɓarayin duniya na gaske suna ta ƙwanƙwasawa ana kora su, tawa ce kaɗai ba ta zuwa.

Na fara shiga ɗakinta ba dalili. Har yanzu akwai tabon da bayan kujerarta ya yi wa bango, saboda ba ta iya zama ba tare da ta jingina kujerar kan ƙafa biyu ba. Nakan tsaya in kalli tabon, in fito in ce taga na je dubawa.

"Tagar nan ta sha dubawa," in ji matata. "Ka tambaye ta mana."

"Ni in tambayi ɓarawo me ya sa bai zo sata ba?"

"To zauna. Kai da akwatinka kun dace, dukanku sai dai ku yi ta ƙyafta ido."

Abin da na kasa faɗa mata shi ne tsoron amsar. Kada yarinyar ta ce, cikin ladabi, ai Baba wasan yara ne, na girma.

A ofis lokacin bitar matakan kariya ya zo. Muna zaune da abokin aikina da muke kira Sanƙo, ko da yake na kusa ƙwace masa sunan. Shi yana karanta bayanin sabuntawar da masu ƙera na'urar suka turo kwanakin baya, ni ina zaɓen waɗanda za su koma tarewa.

"Ka ga wannan," ya ce. "Sun cire tsofaffin matakai. Wai hare-haren sun mutu, ba mai amfani da su, nauyi kawai suke ƙara wa na'ura. An yi musu ritaya. Saura ni da kai."

Na leƙa allonsa don in taya shi dariya. Sunan tsohon harinmu yana ciki.

Nan take na gane. Na'urar gida da kanta take karɓar sabuntawa, ni na saita ta haka, har ina alfahari. Ke nan an ƙwace wa maigadin hoton. Yarinyar tana iya zuwa ta ƙwanƙwasa, ta shiga, ta fita, ba wanda ya ɗaga kai. Ita kuma abin da ta gani daga can shi ne uban da ya daina amsawa.

"Lafiya?" Sanƙo ya tambaya. "Ka yi kamar wanda aka karanta sunansa a ciki."

"Kusan haka."

Da na koma gida ko takalmi ban cire ba, na zauna a ƙasa gaban na'urar, na rubuta matakin da hannuna, na dawo da kamannin harin yadda na haddace shi. Na sa shi a kan zuba ido. Gwiwoyina suka ƙi tashi sai da matata ta ba ni hannu, ba ta ce komai ba, wanda a wurinta babbar kyauta ce.

Ƙarshen mako ya zo. Na wuni ina zagaya falo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Babu komai. Dama wa zai yi ta buga ƙofar da ba a amsawa?

Da yamma waya ta yi ƙara. Matata ta miƙa hannu, na riga ta.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau." Bakina ya riga ya shirya "ga mamanki", na haɗiye shi. "Ɓarauniya ta tuba ne?"



"Na yi ta turowa, Baba. Da na ga ba ka cewa komai, na ɗauka ka mayar da shi tarewa. Na ce ƙila ka gaji da shirmen."

"Masu na'ura ne suka yi wa harin ritaya. Wai ya tsufa."

Ta yi dariya, irin wadda ake yi da toshewar hanci. "Kai ma ba ka lura ba? Maigadi ya yi barci."

"Ya farka. Sake gwadawa."

Na ji ƙarar madannai daga can. Na tsuguna gaban allo, gwiwoyi suna ƙorafi. Layi ɗaya ya fito, ja, mummuna, da sunan harin da ba ya iya cutar da ko agogon bango.

"An kama ɓarauniya," na ce.

"Idonsa biyu," ta ce a hankali. Can ta ƙara: "To, ba Mama."

Matata tana tsaye a kaina, hannunta a miƙe.

"Mamanki ta shiga wanka," na ce. "Faɗa mini, ɗakin naki yana da taga?"

Matata ta kalle ni, ta janye hannunta, ta je ta buɗe famfon kicin yadda za a ji ƙarar ruwa.