Gurbin Tulun Kakana Thiam

Shekarar da danginmu na Lai suka gama ginin kushewar dangi a gindin tsauni, tulun kakana Thiam ya riga ya yi shekara biyu a gefen gonar gwaiba, an kifa masa guntun kwano saboda ruwan sama. An tono ƙashinsa bayan shekara tara a ƙasa, aka wanke, aka jera a tulu kamar yadda ake yi wa kowa, ana jiran a gama gini a shigar da shi tare da 'yan'uwansa. Kaka, wato matarsa, tana da shekara tamanin da ɗaya a lokacin, kuma ba ta da wani buri da ya wuce a ajiye nata tulun kusa da nasa idan ranarta ta zo. Tun kafin a sa wa ginin ƙofa ta je ta leƙa, ta dawo tana cewa kantocin jera tulunan sun yi mata, babu danshi.

Sai Baffa Bun-tek ya ce ba za a shigar da shi ba.

Baffa Bun-tek ɗan marigayi Hai ne, wan kakana. Ya yi shekara ashirin yana shugabantar makarantar firamare, kuma har bayan ya yi ritaya idan ba ka ce masa Hedimasta ba sai ya yi kamar bai ji ba. Da ya rasa yaran da zai tsawata wa, sai ya koma kan matattu. Sau biyu ya tsallaka teku zuwa Fujian neman asalinmu, ya dawo da hoton wani tsohon gida mai jan rufi da ya ce na kakanninmu ne, alhali wanda ya nuna masa gidan direban tasi ne. Daga nan ya fara cewa Tsoho Ban-kim, wanda ya kafa gidanmu, masani ne ɗan masana, kuma haka za a sassaƙa a dutsen ƙofa. Kushewar masana kuwa, in ji shi, ta masu jini ce kawai.

Kowa ya san kakana Thiam ɗan riƙon Tsoho Ban-kim ne. Tsofaffi sun sha ba da labarin ranar da aka kawo shi yana ɗan shekara biyar, daga wani ƙauye a hayin kogi, a wuyan wani mai sayar da gishiri. Shi ma bai taɓa mantawa ba. Ranar sabuwar shekara shi ne na ƙarshen zama a teburi. Da aka raba gonaki ya karɓi mai duwatsu. Ya rayu a gidan kamar wanda ya zo biki ya rasa motar komawa.

A taron dangi na farko Baffa ya yi magana ta kusan awa guda. Gwaggo Siu-eng, ƙanwarsa, tana gyaɗa kai a kowace gaɓa, sauran kuma suna kallon kofunan shayinsu. Kaka ta bari ya gama sannan ta ce:

"Hedimasta, shekara sittin mijina yana kunna wa tsohon nan turare safe da yamma. Ban ji ya taɓa dawo da hayaƙin ba."

Baffa ya ce ba maganar hayaƙi ake yi ba, Inna, maganar tarihi ce, kuma zai kawo takardar gwamnati kowa ya gani da idonsa.

To, a ofishin rajistar gidaje ba sa ba wa mutum tsofaffin takardun kowa sai na wanda ya fito daga tsatsonsa kai tsaye. Baffa zai iya karɓar na ubansa da na Tsoho Ban-kim, amma na kakana Thiam sai ɗansa ko jikansa. Babana ya rasu, ni kaɗai ce a gida tare da Kaka. Dole ya zo ya neme ni a masana'antar safa inda nake aikin haɗa ƙafa da ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce in nemi rabin yini ranar Laraba, in zo da katin shaidata da hatimina.

Ranar ya sa kwat duk da zafin da ake yi, ya riƙo jakar fata da gilashin ƙara girman rubutu. A mota ya ce mini kada in yi magana, in danna hatimi inda aka nuna mini shi ke nan. Wannan bai yi mini wuya ba. Ni ko a shago na fi so in nuna abu da yatsa. A aji shida na tsaya da karatu, kuma tsohon rubutun zamanin mulkin Japanawa, mai kama da sawun kaza, ko suna ɗaya ba zan iya tsinta a ciki ba.

Wadda ta karɓe mu wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya, sunanta Madam Chiu. Baffa ya gaya mata shi tsohon hedimasta ne, ya fara makaranta tun zamanin Japanawa, don haka ba ya bukatar a karanta masa komai. Ta ce madalla, ta shiga ciki. Ta daɗe. Da ta fito da kwafin shafukan, sai ta ajiye su a gabana, ba a gabansa ba.

Ya janye su da yatsa biyu, ya sunkuya da gilashinsa. Abin da ya fara nema shi ne gurbin sana'ar Tsoho Ban-kim. Ya duba, ya goge gilashin a hannun kwat, ya sake dubawa. Madam Chiu ta leƙo ta ce kiwon agwagi ne aka rubuta, wannan 'yar alamar ta ƙasa kuma ta masu shan abin mayen nan ofiyam ce, a lokacin har lasisi ake ba su. Baffa ya ce Japanawa ba su san darajar masananmu ba, duk wanda suka gani da sanda a hannu sai su rubuta makiyayi.

Sai ya ga sunan kakana, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ga shi nan. Madam, karanta wa yarinyar nan da ƙarfi, ta ji daga bakin gwamnati, kada a ce ni na faɗa."

Ta karanta. Lai Thiam, ɗan riƙo, ya shigo gidan yana da shekara biyar, daga gidan Tan. Ta faɗi sunan ubansa. Da ta zo sunan uwarsa sai ta ɗan dakata, ta ce sunanta Giok, kuma abin mamaki sunan gidansu na haihuwa Lai ne. Ta ɗago ta dube ni.

"'Yata, kina son shafin gidan da ya fito? Kakanki ne, kina da haƙƙi."

Baffa ya ce ba sai an wahalar da ita ba, masu sunan Lai sun cika gundumar nan kamar ciyawa, abin da muka zo nema mun samu. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na ji kamar duk mutanen da ke zaune a benci ni suke kallo. Sai na gyaɗa kai.

Ta sake shiga, ta sake daɗewa. Shafin gidan Tan da ta kawo an ja wa sunan Giok jan layi, alamar mutuwa, a shekarar da aka kawo kakana gidanmu. An rubuta cewa gidan Tan ne suka raine ta tun tana jinjira, har ta girma ta auri ɗan gidan. A gurbin sunan mahaifinta kuwa an rubuta Lai Ban-kim, da sunan ƙauyenmu, da lambar gidanmu, wadda har yau take manne a ƙofar tsohon gida.

Wato Tsoho ya haifi 'ya mace ya bayar da ita don ba namiji ba ce. Da ta mutu ta bar yaro, ya aika mai gishiri ya ɗauko masa jikansa, ya rubuta shi ɗan riƙo, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, har shi yaron.

Baffa ya ce ko da hakan ne, jinin mace ai ya bi gidan miji, jinin namiji ake lissafawa, kuma wannan yana wajen ubansa Hai. Madam Chiu ba ta san rigimarmu ba, aikinta kawai take yi. Ta juya shafin farko ta sa yatsa a gurbin Hai, ta ce ai shi ma ɗan riƙo ne, ga shi an rubuta. An kawo shi yana da wata biyu daga gidan Ng, masunta ne a bakin teku, kuma irin riƙon da aka rubuta masa shi ne na yaron da ba dangi ba, wanda ake yanke shi da iyayensa gaba ɗaya. Ta ce abu ne da ya yi yawa a da, kusan kowane littafi akwai shi, ba abin damuwa ba ne.

Jinjiri ɗan wata biyu babu wanda yake tuna ranar zuwansa. Ɗan shekara biyar mai kuka a wuyan mai gishiri kuwa ƙauye bai taɓa mantawa ba.

Baffa ya riƙe gilashinsa a kan gurbin har na zaci zai ƙona takardar. Madam Chiu ta nuna mini inda zan danna hatimi, ta zuba shafukan a ambulan ta miƙo mini.

Bai kai ni gida kai tsaye ba. Ya tsaya a gidan abinci ya saya mini taliya da naman sa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya ce in ci, na rame. Ya ce tsofaffin takardu sai masana, mai ƙaramin karatu zai iya fahimtar su a juye, gara in ba shi ya adana a jakarsa kada miya ta zuba a kai. Ban iya ce wa babba a'a ba. Don haka ban ce ba. Na ɗaga cinyata na sa ambulan ɗin a ƙarƙashi, na ci gaba da cin taliyata. Sau uku ya miƙo hannu a kan teburi, ni kuwa ina kallon kwano.

Kaka ba ta iya karatu ko kaɗan, sai na gaya mata da baki, kamar yadda Madam Chiu ta faɗa. Ta sa na maimaita wajen Giok. Sannan ta ɗauki sandarta ta nufi gonar gwaiba ita kaɗai. Daga nesa na hango ta ɗaga kwanon nan, tana magana da tulun. Da ta dawo idanunta sun yi ja, amma dariya take yi. Ta ce sakaran mutum, shekara sittin yana neman izini kafin ya zauna a kujerar kakansa. Ta karɓi ambulan ɗin ta sa a gwangwanin biskit, ta ce kada in gaya wa kowa.

Ranar Lahadi da safe aka sake taruwa a tsakar tsohon gida. Kaka ta zauna a gaba, gwangwanin a cinyarta. Gwaggo Siu-eng ta ce Yaya ya fito da takardar a gama magana, rana tana yi.

Baffa ya miƙe ya gyara murya. Ya ce ya yi nazari mai zurfi a 'yan kwanakin nan, ya gano cewa manyan masana na da ba su taɓa fifita jini a kan tarbiyya ba. Wanda ya ci shinkafar gida, ya kunna turaren gida, ɗan gida ne. Ya ce tunanin jini tunanin ƙauyawa ne, bai dace da zuriyar masana ba, saboda haka shi, a matsayinsa na babba, ya yanke a shigar da baffansa Thiam.

Mutanen da suka yi ta kallon kofunan shayinsu makon jiya suka hau gyaɗa kai. Wani ya ce ilimi dai ilimi ne. Gwaggo ta buɗe baki tana kallon wanta, ta tambayi ina takardar, ya ce takarda ba ta kai zuciya ba.

Kaka ta ƙwanƙwasa murfin gwangwanin da farce.

"Hedimasta, saura abu ɗaya. A dutsen, a ƙarƙashin sunan Tsoho, a sassaƙa Giok."

Aka yi ta tambayar wace ce Giok. Mace kuma, wadda ba matar kowa ba a gidan, a dutsen kushewa? Ba a taɓa yi ba. Gwaggo ta ce Inna tsufa ya fara taɓa ta. Baffa ya dubi gwangwanin, ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"'Yar'uwa ce," ya ce. "Na ci karo da ita a bincikena. Za a sa."

Ranar da mai duba ranaku ya zaɓa aka ɗauko tulun daga gonar gwaiba, ni na riƙe masa baƙar lema har bakin kushewa. Baffa da kansa ya nuna kanta ta sama, dama da tulun Tsoho Ban-kim. Kaka ta ce a'a, mijinta ya gaji da zama kusa da mutumin nan yana jiran a yi masa magana. Ta zaɓi kanta ta biyu kusa da ƙofa, ta sa tafin hannu ta auna gurbin da ke gefensa, ta ce wannan nata ne, kowa ya shaida.

A dutsen ƙofa har yau an rubuta cewa Lai Ban-kim masani ne. Kaka ta ce a bar masa, agwagin ba za su kai ƙara ba. Gwangwanin yana kan kabad ɗinmu, kusa da rediyo. Baffa yanzu yana zuwa gaishe ta duk wata da kwandon lemo, ya zauna ya tambayi lafiyar gwiwarta. Wani lokaci takan ce in sauko da gwangwanin in ba Hedimasta biskit, shi kuma kullum sai ya ce ya ƙoshi.