Allon Hajja Awadiyya

"Ajiye wannan soson ƙarfen! Gindin tukunya kika ga na ba ki?" in ji Hajja Awadiyya.

Mardiya ta saki soson ya faɗa cikin bokiti. Dama ta ce wa mijinta Lawali taimako za ta hau yi, amma Allah ya sani, son jin ƙwaƙwaf ne ya hau da ita rufin benen. Mardiya irin matan nan ce da in maƙwabta sun sayo katifa, ba ta samun sukuni sai ta danna ta ji laushinta. Tun ranar da aka sauke wannan abu a ƙofar gidansu a unguwar Ainu Shams, aka ɗaure shi da igiya aka ja shi ta waje har sama, take ƙaiƙayin tambaya.

Allo ne fari, ya fi mutum tsawo, bakinsa ya ɗan ɗaga kamar na kwalekwale. Samansa kaushi gare shi, da madaurin ƙafa. Ƙasansa kuwa sumul yake, sai dai ya sha duniya. Ga layin tsatsa biyu inda ya daɗe kwance a kan ƙarfe, ga ɗigon kwalta, ga wani rawaya-rawaya da ruwa ya bari.

Mai allon, Hajja Awadiyya, wadda ɗakinta ke kan rufin benen, Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun tashi aikin hajji suka yada zango a hanya. Ta daɗe tana aikatau a wani gidan masu kuɗi a unguwar Mohandessin, har ciwon ƙoda ya zaunar da ita. Allon na ɗan uwarɗakinta ne, Husam. Da ƙuruciya yakan kai shi Bahar Maliya, ya kafa masa sanda da ƙyalle, ya tsaya a kai iska ta yi ta gudu da shi. Da ya yi aure ya ajiye tumbi aka ce a jefar, Hajja ta ce a ba ta.

Yanzu ga shi a kife bisa kujeru biyu, ita kuma tana zaune gefe da kumburarrun ƙafafu, tana ba da umarni.

"Tsatsa lemon tsami da gishiri take so. Matsa, ki bar shi ya sha, kada ki yi gaggawa. Kwaltar kuma ɗiga mata man girki, da kanta za ta saki."

"Hajja, wai tebur za ki yi da shi?"

"La', a'a."

"Shanyar kuɓewa?"

"Goge dai."

"To sayarwa za ki yi? Don wallahi a unguwar nan ban ga mai teku ba."

Hajja ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce, "Ke kam za ki tambayi Mala'ika sunan babansa. A kansa za a yi mini wanka."

Mardiya ta janye hannunta daga allon, lemon na ɗiga daga yatsunta.

"Subhanallahi! Hajja, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da likita ya faɗa da Turanci, ni na faɗa da Hausa." Ta gyara mayafinta. "Matanmu nawa na wanke a garin nan? Teburin masallaci ƙarfe ne, ba ya juya kwanar matakalar nan. Na wanke mace a kan siminti, ruwan ya taru ƙarƙashinta. Na ga wadda aka kai asibiti, baƙi suka wanke ta suna hirar farashin tumatir. Ni a ɗakina nake so, a kan abu mai tsabta, a hannun wadda ta san sunana. Ƙawata Fatna ta iya, amma hannunta rawa yake yi, kofin shayi ma gagararta yake. Saura ke."

"Ni? Ko mushen kaza ba na iya taɓawa!"

"Ma'alish, ba komai. Allo dai kina iya taɓawa. Yalla, naɗe tsumman a hannunki, ki fara daga dama."

Mardiya ta sauko ranar jikinta a sanyaye. Ta rantse wa Lawali ba za ta ƙara hawa ba. Washegari da hantsi tana sama, wai ta je ganin ko tsatsar ta fita. Ta fita kuwa, sai ɗan alama. Wannan ya ja ta. Yaya lemon tsami yake cin tsatsa? Me zai ci rawayan? Suka gwada ruwan khal mai tsamin nan, suka gwada man goge baki, suka kwaɓa bakar hoda suka shafa. Hajja ta sa ta kwance ƙusar wani ɗan fiffike da ke manne a gindin allon, mai kama da na kifi, suka toshe ramin da kakin kyandir.

Duk wannan aikin Hajja ba ta bar ta ta yi shi yadda ta ga dama ba. Ruwa sai mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. Ba a kwarara shi, zubawa ake yi a hankali daga sama. Inda ba a wankewa a lokacin, a rufe shi da zane. In za a juya allon, a tallafe shi da hannu biyu.

"Hajja, roba ce fa, ba ta jin zafi."

"Ni ina ji. Sake."

Mardiya ta gane abin da ake koya mata, kuma tsoro bai bar ta ba. Amma tambaya ta fi ƙarfinta. Me ya sa ake sa ganyen magarya? Jiki yakan yi nauyi? Ido fa, in ya ƙi rufuwa? Hajja ta amsa mata ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyar da girki, wani lokaci tana gyangyaɗi a tsakiyar magana. Allon ya yi fari, ban da wani ɗan rawaya kusa da baki da ya ƙi ji ya ƙi gani. Hajja ta dube shi ta ce, "Khalas, bar shi. Ya fi ni tsabta."

Ranar wata Talata bayan sallar asuba Hajja ta cika, Fatna na riƙe da hannunta.

Mardiya ta ji salatin daga ɗakinta, ta shige kicin ta rufe ƙofa. Ta ji takun maza a matakala. Ta ji mai gadin gidan yana cewa a kira mota, akwai wurin wanka a asibiti, cikin awa guda an gama. Ta ji Lawali yana cewa a dakata tukuna. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Maman Humaira, in ba za ki iya ba, ba wanda zai ga laifinki. Amma ki faɗa yanzu, mutumin nan ya ɗauko waya."

Mardiya ta buɗe ƙofar. Ta so ta ce a kira motar, har bakinta ya buɗe. Sai ta ga tukunyar ruwa a kan wuta, wadda ta ɗora ba ta ma san ta ɗora ba. Ta tsoma gwiwar hannu, ta sirka da na sanyi.

"Ce masa ya ajiye wayar. Ka ɗaukar mini wannan zuwa sama."

Maza suka shigar da allon ɗaki, suka ɗora shi bisa kujeru, gindinsa ya ɗan yi ƙasa, aka sa baho a ƙarƙashi. Suka fita. Matan da suka taru suka taimaka aka kwantar da Hajja, aka rufe ta da zane, su ma suka fita. Ya rage Mardiya da Fatna.

Hajja ta ƙanƙance, allon ya yi mata yawa. Mardiya ta tsaya tana kallon fuskarta, tana jiran tsoron ya kayar da ita. Ya zo, amma tausayi ya fi shi yawa. Fatna ta zauna a gefe tana faɗa mata abin da ke biye, muryarta ƙasa-ƙasa. Mardiya ta naɗe tsumma a hannu ta yi bisimilla. Ruwan ya bi santsin allon ya gangara, yana ɗiga cikin baho, babu inda ya taru.

Da ta zo kan kai, ta fara tsefe kitson da ya daɗe ba a taɓa ba. Furfura ce mai laushi, ta cukurkuɗe a ƙeya. Yatsanta ya sarƙe a ciki, kan Hajja ya ɗan motsa.

"Wayyo, sannu Hajja," in ji Mardiya. "Yi haƙuri, na kusa."

Ta jiƙa yatsunta, ta ci gaba da warware gashin sili-sili.