Hannun da Ya Rubuta Gindin Kwano

A Jingdezhen, garin masu yin tangaran a ƙasar Sin, in Malam Rao Shikuan ya ce tangaran tsoho ne, to magana ta ƙare. Shekara ashirin yana kifa kwanuka yana karanta tambarin gindinsu. Abu ɗaya ne yake ɓoyewa: uwarsa, Tsohuwa Tong, da rubuta tambarin sarakunan da a gindin sababbin kwanuka ta raine shi. In an tambaye shi, sai ya ce ai tela ce.

Ranar da attajiri Zou ya tara jama'a a gidan shayi don a duba masa kwano, tsohuwar ta biyo ɗanta, daga nan zai kai ta wajen likitan ido. Ya ajiye ta can baya.

Malam ya ƙwanƙwasa kwanon, ya duba shuɗin kifayen jikinsa, ya kifa shi. Haruffa shida cikin zobe biyu.

"Na zamanin Sarki Kangxi ne, shekara ɗari uku baya," ya ce yana hura hanci. "Ku dubi hannun nan! 'Yan jabun yau, rubutunsu kamar tonon kaji. Ko a mafarki ba sa yin irin wannan."

Aka tafa. Sai ga tsohuwa ta dogaro sandarta.

"Kuan, miƙo in gani."

"Haba Inna, koma ki zauna."

Zou ya yi dariya. "Bar ta mana! Ko Kaka ma gwana ce?"

Ta kai kwanon har kan hancinta.

"Zoben waje bai haɗu ba, ka gani? Shekarar da ka yi ƙyanda ce. Kana goye kana ta zillo, duk na watan haka suka fito."

Malam ya sake dubawa, gumi ya karyo masa. Rubutun da ya buɗe ido a kansa ne, shi ya sa zuciyarsa ta ce masa na gaske ne.

"Tsufa ne ke damunta," in ji Zou, yana kallon Malam, yana jiran ya gyaɗa kai kawai.

Gyaɗa kai ɗaya ya isa ya ceci sunansa. Kunya ta hana wuyan motsi, kuma ba kunyar kwanon ba ce.

"Ba tsufa ba ne," in ji Malam a hankali. "Na girmi kwanon nan. Uwata ce ta rubuta, kuma ba tela ba ce."

A bakin titi ya kasa kallonta. Ta kama hannun rigarsa.

"Kuan, da gaske ka ce rubutun ya yi kyau?"