Sabulun da Bai Tafi Maigatari Ba

Ranar Laraba da azahar Asama'u tana zaune a tsakar gidansu a Gumel tana naɗe sabulun salo a takardar siminti, tana jerawa cikin kwali. Curi sittin ne. Washegari kasuwar Maigatari ke ci, kuma Malam Ilu, wani ɗan kasuwa daga Magarya, zai karɓe su duka ya tsallaka da su Nijar. Kafin Lahadi sun watsu a hannun matan ƙauyukan da ko sunansu ba a sani ba a Gumel.

Sabulun na mahaifiyarta ne, Iya A'i, wadda ta haura shekara arba'in a wannan sana'a. Tokar karan dawa take tacewa, ta dafa ruwan da man gyaɗa da ɗan man kaɗe. Ba ta da mudu ko gwangwanin awo. Tana zuba ruwan tokar kaɗan-kaɗan tana juyawa, ta ɗebo a bakin muciya, ta bari ya huce, ta taɓa da ƙarshen harshenta. Da zarar ta ji ɗan cizo, sai ta tsaya. In an wuce nan, sabulu ya zama wuta. Haka ta koya a wurin gwaggonta, kuma ba ta taɓa barin wani ya ɗanɗana mata tukunya ba.

Asama'u ta dawo gida ne bayan rasuwar mijinta, shekara uku da suka wuce. Tana da shekara talatin da takwas ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Tun da ta iya haɗa baƙi, masu saye na Gagarawa da Sule Tankarkar suka koma aiko da 'yar takarda ta hannun direba, ita ke karantawa, ita ke rubuta suna a jikin kowane ƙulli.

"Salamu alaikum! Ina amaryar tawa?"

Mu'azu ne, jikan yayar Iya, wanda ke jan tsohuwar fijo tsakanin garuruwan nan. Shi ke kai musu kaya.

"Shigo, mijin banza," in ji Iya daga bakin murhu. "Wata guda ko goro ɗaya ban gani ba."

"Goro da wane haƙorin? Sai dai in tauna miki."

"Ka ci gidanku. Kai da motarka sai an tura ku kuke tashi."

Ya zauna a kan turmi yana dariya, Iya ta tura masa kwanon tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya runtse ido.

"Iya, gishirin Bilma gaba ɗaya kika juye a nan?"

"In ba ka ci, ajiye. Bakinka ne ya lalace da shayin tasha."

Asama'u ba ta ɗago kai ba. Wata huɗu ke nan tana cin miyar a haka, tana kora ta da ruwa.

Mu'azu ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa mata. Daga Felicia ce, nas a Sule Tankarkar, mutuniyar Kafanchan da aiki ya kawo ta bayan an ƙirƙiro Jigawa. Ta daɗe tana sayen sabulun Iya saboda ƙurajen fuskar 'yarta Cynthia, kuma ranar Asabar da ta wuce an kai mata curi uku daga wannan tukunyar da ake naɗewa.

Asama'u ta bi rubutun da yatsa, a hankali, tana karantawa a zuci yadda ta saba.

"Mama, ina gaisuwa. Sabulun da aka kawo ya ƙona fuskar Cynthia. Sau biyu kawai ta wanke da shi, kumatunta suka ɗaye, yau kwana uku ba ta je makaranta ba. Na gwada a hannuna, yana ci. Ban gaya wa kowa ba, domin na san hannunki. Amma don Allah kada a sayar wa wani. Taki, Felicia."

"Guda nawa take so?" Iya ta tambaya.

"Tana gaishe ki."

"Duk wannan baƙin gaisuwa ce?"

"Ta yi maganar 'yarta kuma."

Mu'azu ya wanke hannu, ya ce zai zo da sassafe ya ɗauki kwalin, ya fita yana tsokanar Iya cewa ta tanadi gishirin gobe.

Da Iya ta shiga ɗaki yin salla, Asama'u ta ɗauki curi ɗaya ta zagaya bayan rumbu. Ta jiƙa yatsa, ta goga, ta taɓa a harshe. Kamar ta lashi garwashi. Ta tofar, ta kurkure baki sau uku, raɗaɗin bai tafi ba.

Ta tsaya nan tana tuna abubuwan da ta gani ta ƙi haɗawa. Zazzaɓin da ya kwantar da Iya a tsakiyar damina. Gishirin miya. Zumar da Malam Ilu yakan kawo wa Iya tsaraba, wadda a da ɓoye ta take yi a ƙarƙashin gado, amma bana ta ba maƙwabta. Da yadda take daɗewa a kan tukunyar sabulu, ta ɗanɗana, ta ƙara toka, ta sake ɗanɗanawa, ta sake ƙarawa.

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma kusa da uwarta.

"Iya, ɗazu ban karanta miki takardar duka ba. Saboda Mu'azu."

Ta karanta, ba ta tsallake komai ba. Iya tana tsince wake a faifai, hannunta bai tsaya ba.

"'Yan matan yanzu," ta ce, "su shafa man bilicin a ɓoye, in fuska ta ɓaci a ce sabulu ne."

"Shekararta goma sha uku, Iya. Kuma uwar ta gwada a hannunta."

"Mutanen asibiti hannunsu kullum cikin magani yake. Ke, tukunyar nan sau nawa na ɗanɗana ta a gabanki?"

"Sau biyar."

"To. Shekara arba'in harshena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ki ƙarasa naɗinki."

Asama'u ɗiyar fari ce. Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "'yar nan", ita kuma ba ta taɓa mayar mata da magana ba tun tana goyo har ta yi aure ta dawo. Ta nemi yadda za ta ce wa wannan tsohuwa harshenki ya mutu, ta rasa. Ta dubi kwalin. Saura curi goma sha ɗaya ba a naɗe ba.

Ta tashi ta ɗebo ruwa a ƙwarya. Ta ɗauki curi ɗaya ta murza a tafin hannu har ya yi kumfa, ta shafa a kuncinta na hagu, daga gefen ido zuwa haɓa. Ta koma ta zauna, ta ja takardar siminti ta ci gaba da naɗi.

"Me kike yi haka?"

"Abin da kike gaya wa masu ƙuraje. A shafa, a bar kumfar ta sha iska, a ƙirga ɗari."

Iya ta yi tsaki ta koma kan wakenta.

Asama'u tana ƙirgawa a zuci. A wajen ashirin ya fara tsikari. A arba'in ta ji kamar an manna mata barkono. Ta naɗe curi ɗaya, ta jera, ta ɗauki wani. Idonta na hagu ya kawo ruwa, ruwan ya gangaro ya yi hanya cikin kumfar. Ba ta share ba.

Hannun Iya ya tsaya a faifai.

"Ke, wanke."

"Bai kai ba tukuna. Sittin da biyu."

"Na ce ki wanke!"

"Cynthia ta kai ɗari, Iya. Sau biyu."

Faifan ya kife, wake ya watse a ƙasa. Iya ta fizgo ƙwaryar ruwan, ta kama ƙeyar 'yarta da hannu ɗaya kamar za ta yi wa jaririya wanka, ta shiga sheƙa mata ruwa tana gogewa da gefen zanenta. Ruwan ya ƙare, ta ɗebo wani a randa. Da kumfar ta fita, kuncin ya yi jajir, ya ɗan tasa, inda ya fi laushi kusa da ido har ya fara sheƙi.

Iya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin man kaɗe, ta lakato, ta narkar a tafin hannu, ta fara shafa mata da yatsu biyu. Rabon da ta taɓa fuskar nan tun Asama'u tana yarinya.

"Tun zazzaɓin nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "tuwo da ƙasa ɗaya ne a bakina. Ina sa sabulun a harshe ina jiran cizon, shiru. Sai in ce bai kai ba, in ƙara. Ranar da na sauke tukunyar nan ma ban ji komai ba. Gajiya na yi, na ce ai ya isa."

"Da kin faɗa mini."

"In na faɗa, me ya rage? Ke kina da takardarki. Ni wannan ne nawa."

 Asama'u ta bar ta ta ci gaba da shafawa. Can Iya ta goge hannu a zane, ta jawo kwalin gabanta, ta ɗauki curi ɗaya ta warware takardar. Asama'u ta ɗauki na biyu. Har aka kira magariba suna warwarewa, kaji na tsintar waken da ba wanda ya kwashe.

Da safe Mu'azu ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Amarya, fito da kayan aurenki, fasinja na jira!"

Ya tarar da kwali a kife, sabulun duka a farfashe cikin babbar tukunya a kan wuta. Ya dubi kuncin Asama'u, ya dubi Iya, ya mayar da makullin aljihu.

"Ka gaya wa Malam Ilu babu kaya wannan makon," in ji Iya.

"In ya tambayi dalili fa?"

"Ka ce sabulun ya ɓaci a hannuna. Haka za ka faɗa, kada ka yi mini kwalliya."

"To, Iya."

"Wannan kuma na nas ne, in ka bi ta Sule Tankarkar." Ta miƙa masa gwangwanin man kaɗe sabo da takarda a ninke. Ita ta faɗa, Asama'u ta rubuta bayan sallar asuba: laifin nata ne, ba na yarinyar ba, a shafa man safe da yamma, kada ta shiga rana, sauran curi biyun a zubar a masai, in Allah ya kai su Asabar za ta zo da ƙafarta ta ga fuskar.

Mu'azu ya karɓa da hannu biyu ya fita.

Sabulun ya narke ya koma kamar kunu mai kauri. Iya ta tsiyaya man gyaɗa a ciki ta kama muciya. Hannun dai yana nan yadda yake, yana bin gindin tukunya ba ya barin ko'ina ya kama. Ta juya har gumi ya keto mata. Sannan ta ɗebo kaɗan a bakin muciyar, ta hura, ta jira ya huce. Ta kai shi rabin hanya zuwa bakinta, ta tsaya.

Ta juya muciyar ta miƙa.

"Da ƙarshen harshe, ba tsakiya ba. Taɓawa kawai. Ki faɗa mini abin da kika ji, kada ki rage."

Asama'u ta taɓa, ta ɗan yamutsa fuska.

"Yana ci har yanzu. Amma bai kai na jiya ba."

"Nan take ya kama ki, ko sai da ya jima?"

"Sai da ya ɗan jima."

Iya ta gyaɗa kai, ta mayar da muciyar cikin tukunya.

"Da saura. Miƙo man."