Sannun Malam Kassim

"Jirgi zan sa shi, Mma. A Damagaram za a rufe shi," in ji Sahabi, waya manne a kunnensa.

Damata ta gama kwashe kwalaben magani daga gefen gadon. Malam Kassim, mahaifin Sahabi, tsohon direban tasi, ya cika da hantsi a ɗakinsa na unguwar Port Richmond. Ita maƙwabciyarsa ce, 'yar Zangon Kumasi, wadda ke hawo masa da koko tun da ciwo ya kwantar da shi. Da bakinsa ya ce mata a nan yake so a binne shi. Sai dai ita kaɗai ta ji, ɗan kuma yana gudun mutanen gida su ce ya yar da ubansa a ƙasar wasu.

"Sauke wayar nan, ɗana. Ka san abin da babanka ke yi in yana jiran fasinja a filin jirgin JFK?"

"Wasan jaridarshi mana, na cike akwatuna da haruffa."

"To, akwai kalmar da ke yawan fito masa, AVE. Yau su ce titi ne a taƙaice da Turanci, gobe su ce gaisuwar Latin ce. Ya bi diddigi, ashe da ita ake tarbar mai zuwa, da ita kuma ake gai da mamaci. Ya ce mini, 'Damata, ai sannu ke nan.'"

Dariya ta so ƙwace mata, ga gawa a kwance. Mutumin akwai son baje sani, duk direbobi sun sha wannan fassara har ta ishe su. Ita ma ta sha tsokanarsa a kai, amma yau ji ta yi tana alfahari da shi.

"Ya ce ya zo garin nan ba wanda ya san shi, ashe kowace kwana an kafa allon titi mai AVE ana masa sannu. Shekaranjiya da na ba shi ruwa ya ce, 'Garin da ya yi mani sannu da zuwa, shi za ya sallame ni. Ki gaya ma Sahabi ni ba baƙo ba ne.'"

Sahabi ya daɗe yana kallon fuskar ubansa. Sannan ya mai da wayar kunne.

"Bon, shi ke nan. Kawu, nan za mu rufe shi."

Muryar kawun ta ɗaga har Damata tana jiyowa. Sahabi ya bari ya gama, ya ba shi haƙuri, ya kashe.

Washegari bayan azahar Damata ta tsaya a ƙofar gida, kanta a miƙe. Motocin tasi suka jeru bayan motar gawa, fitilu a kunne da rana tsaka. Layin ya tare mahaɗa har danja ta ba da hannu ta sake tsayarwa, kuma ba direba ɗaya da ya danna hon.