Kiran da Bai Kai Teburin Auta Ba

"Kai ne ka hana ta ganin 'yarta!" Haka na faɗa wa mai haɗa wayoyin a tsakiyar ofis, ko sallama ban yi ba.

Yana durƙushe a ƙarƙashin tebur, igiyoyi rataye a wuyansa. Ya ɗago kai. "Iya, lafiya?"

Ina fa lafiya. Maƙwabciyata Mai Ɗinki ce ta yanke jiki ta faɗi da hantsi a gaban kekenta. 'Yarta Auta a wannan ofis take aiki, kuma ba a barin su riƙe wayar hannu a bakin aiki. Da, in na kira, wata yarinya ce ke ɗauka, in ce a ba ni Auta, shi ke nan. Ran nan sai wata murya ta amsa, ba ko gaisuwa, wai danna kaza, danna kaza. Ni da ban san kan lamba ba? Lambar ofishin ma Auta ce ta ajiye min a maɓalli guda. Na danna inda yatsa ya faɗa, na yi ta magana, ba mai amsawa.

Mai Ɗinki na kwance, kanta a cinyata, guntun zare manne a leɓenta. Ta ce, "Kin same ta?"

Na ce, "Tana hanya."

Idonta na kan ƙofa har ta cika.

"Iya, layin lafiya lau yake," in ji mai haɗa wayoyin, bayan na zayyana masa. "Ta intanet yake bi yanzu. Wayar teburin Auta ce ban gama saitawa ba, sai kiran ya faɗa akwatin saƙo. Ga shi ma." Kafin in buɗe baki ya danna kwamfuta.

Muryata ta cika ofishin. Ina kuka, ina jan majina, ina roƙon na'ura kamar mutum: "Don Allah 'yar nan, ki tausaya." Har da ashar. Wani mai taye a wuya ya fara dariya, sai ga siririyar muryar marigayiya a baya, ga kuma ƙaryar da na yi mata, kowa ya ji. Dariyar ta mutu. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na ja mayafi na rufe fuska, na zauna a kujerar Auta, ita tuni ta wuce gida. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙyaftawa a jikin wayar teburinta, alamar akwai saƙo.

"Ba inda za ni," na ce. "Kira min mai wurin nan. Ya zo ya gaya min wa ya ce a kunna abin ba a gama haɗa shi ba."