Hoto na Talatin da Shida

"Wa ya ce ka shigo min ɗaki da wannan abin wasan yara?"

Baba Dawo-jibi ke nan, yana kwance, numfashi da ƙyar, amma bakin nan bai mutu ba. Sha-yanzu ya tsaya a bakin ƙofa da sabuwar kyamararsa a wuya, yana da-na-sanin zuwa dubiya.

Shekara tara ba sa ga maciji da juna. A hannun tsohon ya koyi aikin hoto, ya sha ranƙwashi a ɗakin duhu na wanke hoto har ya gode Allah, sannan ya buɗe shago a tsallaken titi da kyamarar da ba ta cin fim, ya kwashe masu ciniki kaf. Shi ya laƙa wa tsohon Dawo-jibi, don sai ka jira kwana biyu kafin ka ga fuskarka. Tsohon ya rama da Sha-yanzu, sunayen kuwa suka bi su.

"Gaishe ka na zo yi."

"To ka gaishe ni. Mai danna ɗari ya zaɓi ɗaya, wai shi ma mai hoto! Ko akuya aka ba abin nan za ta ɗauka."

"Akuyar dai ita ta rufe maka shago."

Sha-yanzu ya juya a fusace. Inna, matar tsohon, ta biyo shi har waje.

"Ɗana, tsaya. Shekara arba'in yana ɗaukar mutane, shi ko hoto ɗaya ba shi da shi. Shekaranjiya ya ɗora kyamararsa a kan kujera, ya saita ta yadda za ta ɗauka da kanta, ya lallaɓo ya zauna kusa da ni. Hoton nan shi ne na ƙarshe a fim ɗin, na talatin da shida. Ba ya iya tsayuwa ya wanke, kuma duk layin nan kai kaɗai ka iya."

"Shi ya aiko ki?"

"Ka san halinsa."

"To ki ce masa ya dawo jibi."

Maganar ta yi masa daɗi, har ya tsallaka titi yana maimaita ta. Jibin kuwa, da hantsi, tsohon ya cika.

Sai da aka kwana huɗu kunya ta bar shi ya koma karɓar fim ɗin. Ya tarar da babban ɗan marigayin, wanda ya zo daga nesa, yana ware kayan da za a sayar. Tsohuwar kyamarar na kan cinyarsa, bayanta a wangale, rana na dukan fim ɗin.

"Rufe! Rufe, sakarai!"

"Katin nake nema, in tura hotunan a waya. Kai, ni za ka zaga a gidan ubana? Kai da ka kashe masa kasuwa?"

Sha-yanzu ya fizge kyamarar, ya rufe, ya naɗe fim ɗin, ya faɗa ɗakin duhu ya danno ƙofa. Kwalaben maganin wanke hoto na nan inda ya san su, hannunsa kuma bai manta komai ba.

Da ya wanke fim ɗin, hotunan da ke can cikin naɗin sun tsira. Ya ɗaga su, sai ya ga kansa. Ga shi yana barci a ƙofar shago, baki buɗe. Ga shi yana sakace. Ga shi yana bin wata mai ciniki da magiya. Ashe tsohon ta taga yake haƙonsa! Kowanne ya fita tas, haske daidai, babu wanda aka danna sau biyu, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Mugun tsoho," ya ce.

Biyar na ƙarshe kuwa baƙi ƙirin, rana ta cinye su. Ya san sarai ba ɗan ne kaɗai ya ƙona su ba.

Inna na zaune a kan buhun kaya tana jira. Ya miƙa mata fim ɗin, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ɗaga shi saitin taga, ta bi da yatsa har ƙarshe.

"Nan ne muke zaune?"

"Nan ne, Inna."

Ta goge wurin a hankali da gefen mayafinta, ta sake ɗagawa.